Mutumin da Ya Zubar da Kajika

Ranar da Miyawaki ya rasu, furannin da suka fara isowa gidan na Kurata ne, shugaban kamfanin da mamacin ya yi wa aiki, kuma sun fi na kowa girma, sai da aka karkata su kafin su shige ƙofa. Odagiri, tsohon abokin mamacin, na tsugune a bakin shiga yana jera takalman masu zuwa gaisuwa. Ya ɗaga kai ya karanta sunan da ke jikin katakon da aka maƙala wa furannin, ya juya wajen matar mamacin.

"Fumie-san, yau ake kwashe shara a unguwar nan ko gobe?"

"Odagiri-san, mutane fa na ji."

"Ai don su ji na faɗa."

Wanda bai san tsakaninsa da Kurata ba sai ya ce tsoho ya fara ruɗewa. Bai ruɗe ba. Abu ne ya daɗe yana dahuwa a cikinsa, shekara arba'in da ɗoriya, kuma wutar ba ta taɓa mutuwa ba.

Miyawaki maƙerin na'urorin kiɗa ne a kamfanin Minazuki da ke Hamamatsu, irin na'urorin nan da ba tsirkiya ba fata, wutar lantarki ce kawai ake lanƙwasawa har ta yi murya. Mutum ne siriri mara magana, in ya sunkuya kan waya da dalma sai an taɓa shi yake sanin an tashi aiki. Odagiri kuwa makaɗi ne. Bai yi nisa a makaranta ba, a mashayar sojojin Amurka da cikin jiragen ruwa ya koyi fiyano da Turanci da karatun fuskar mutane. Kamfanin ya ɗauke shi yana yawo kanti kanti yana kaɗa sabbin kaya a gaban jama'a don su saya. Miyawaki ya ƙera, Odagiri ya kaɗa, da yamma su zauna a rumfar gasasshen kifi, ɗaya na zuba ɗaya na gyaɗa kai.

Abin da ya kayar da Miyawaki wata 'yar na'ura ce da ba ta fi kwanon abincin ɗan makaranta ba, da 'yan maɓallai da kunnuwan murɗawa a jere. Ya sa mata suna Kajika, sunan ɗan kwaɗon nan na rafi mai kuka da damina. An yi ta ne don mawaƙan mashaya da ba su da halin ɗaukar mai jita, su kunna ta riƙe musu gindin waƙa. To amma muryar da ta fito ba ta jita ba ce. Wani abu ne tsakanin gurnani da kurɓar ruwa, in ka murɗa kunne ɗaya kuma ta koma kamar ƙarfe na kuka. Odagiri ya tsaya da ita a manyan kantuna tun daga Tokyo har Fukuoka, yana murmushi yana gumi, mutane na toshe baki suna wucewa. Wata tsohuwa har ta tambaye shi ko cikinsa ne ya ɓaci.

Kurata ne shugaban sashen sayarwa a lokacin. A gaban ma'aikata ya ɗaga na'urar da yatsa biyu kamar mushen ɓera, ya ce ko kyauta aka ba shi ba zai kai gida ba, kada karensa ya gudu. Ya sa aka tsayar da ƙira, ragowar da ke sito aka ɗora a sikeli aka sayar wa dillalai kamar tsohon ƙarfe, su kuma suka cusa a jirgi suka kai ƙetare. Miyawaki kuwa ba a kore shi ba. Ai ba a kora, kora ta marasa tarbiyya ce. Wata safiya dai ya zo ya tarar an matsar da teburinsa bakin taga, can ƙuryar ɗakin, an cire masa tarho, an kwashe kayan aiki, an ajiye masa jarida. Kowa ya wuce sai ya rusuna masa, amma ba wanda ya sake miƙa masa ko guntun waya ya ce duba. Jira ake kunya ta sa ya ajiye aikin da kansa. Shi kuwa ga 'ya'ya a makaranta, sai ya zauna. Ya zauna har furfura ta cim masa a wurin, har shekarun ritaya suka zo suka ɗauke shi. Odagiri bai iya kallo ba, ya ajiye nasa aikin ya koma mashaya. In ya tambaye shi yaya bakin taga, sai Miyawaki ya ce, "Ba laifi. Ina riga kowa ganin hadari."

Duniya kuwa ba ta shawara da Kurata. Can ƙetare na'urorin suka faɗa hannun yaran talakawa, suka murɗa kunnuwan yadda takardar bayani ta ce kada a murɗa, suka fitar da wani kiɗa da ya taso daga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ya zagaye duniya. Tsohuwar Kajika ta koma abin rububi, sunan Miyawaki ya shiga bakin makaɗan da ko a taswira ba za su iya nuna Hamamatsu ba. Shi ma Kurata bai tsaya ba, ya hau ya hau har ya zama shugaban kamfanin gaba ɗaya, ya tsufa a kan kujera. Yanzu da mai abu ya mutu, Minazuki ta shirya sake fitar da Kajika da sa hannun Miyawaki a jiki, kuma Kurata ya aiko cewa a taron ban kwana da za a yi bayan zaman makoki, shi zai karanta jawabi ga mamacin. An san yadda ake yi. Ka tsaya gaban hoton ka ba jama'a baya, ka kira mamaci da sunansa ka yi masa magana kamar yana ji, sannan ka naɗe takardar ka ajiye a gabansa ta zama tasa.

"Ba ni da bakin hana shi," in ji Fumie, tana zuba wa Odagiri shayi a ɗakin girkinta. "Mijin 'yata a kamfanin yake cin abinci."

"Wa ya ce ki hana shi? Ke dai ki ce ni zan gabatar da taron."

"Me za ka yi masa?"

"Ladabi. Ladabi zan yi masa har ya ƙoshi."

Ta dube shi ta saman tabarau. Ta san shi tun yana da gashi. "Kada ka ja mini abin kunya a gaban hoton mijina."

"Abin kunyar shi ne bakin nan ya tsaya gaban hoton ya kira shi aboki. Muddin ina numfashi ba za a yi ba."

Kamfanin da kansa ya zaɓi a yi taron a tsohon ofishin Miyawaki da ke saman tsohuwar masana'anta, don masu ɗaukar hoto su sami abin nunawa. Odagiri ya ji daɗin haka ƙwarai. Ya riga kowa zuwa ya jera kujeru a gaban hoton, inda aka zuba fararen furanni aka ajiye kaskon turare da Kajika ta farko da Miyawaki ya haɗa da hannunsa. Sannan ya nemo kujera mafi laushi a ginin, ya ja ta shi kaɗai yana nishi har ƙuryar ɗakin, bakin tagar nan, ya ajiye mata ɗan tebur, ya naɗe jaridar ranar ya ɗora a kai.

Da hantsi ɗakin ya cika. Tsofaffin matan da suka yi aikin dalma sun zo cikin baƙaƙen kaya, makaɗa sun zo daga Osaka da Tokyo, ga kuma baƙi daga ƙetare, wasu da kitso wasu da aski ƙwal, suna sunkuyo saboda ƙofa. Kurata ya shigo ƙarshe yana dogara sanda, kwat ɗinsa baƙa wul, gefen farar takarda na leƙowa daga aljihun ƙirji. Odagiri ya tare shi da rusunawa har kansa ya kusa taɓa gwiwa.

"A'a, Odagiri-kun," in ji Kurata, yana kiransa yadda ake kiran yaron ofis, alhali Odagiri tsoho ne da ba haƙori a ƙasa. "Ashe har yanzu kana nan?"

"Ina nan, Shugaba. Ban so in riga manya tafiya ba, rashin ladabi ne. Bisimilla, an keɓe maka wuri na musamman. Akwai iska, akwai haske."

Ya raka shi har ƙurya. Kurata ya dubi kujerar, ya dubi jaridar, ya dubi tagar. Ba abin da ya motsa a fuskarsa sai fatar ido. Tsofaffin matan dalma suka sunkuyar da kai, ɗaya ta tsunguli ta kusa da ita. Ya zauna, ya jingina sandarsa.

Odagiri ya ɗauki abin magana ya buɗe taro. Ya kira matar da ta fi daɗewa a aikin dalma, ta ba da labarin yadda Miyawaki ke hura wa waya iska kamar mai lallashin jariri. Ya kira mai rumfar kifi. Ya kira wani makaɗin Osaka da ya ce shi da Kajika ya aurar da 'ya'yansa. Ya kira maƙwabcin da suke gaisawa ta kan shinge. Duk wanda ya gama sai ya ɗebi turare da yatsa uku ya zuba a kasko ya rusuna. Tsakanin kowane mutum biyu Odagiri kan sa a kai wa Shugaba sabon shayi, in idonsu ya haɗu ya rusuna masa daga nesa. Dabararsa ke nan. Kurata ba zai iya fita bai zuba turare ba, ba zai iya tashi ba a kira shi ba, sai dai ya zauna ana girmama shi har lokacin taro ya ƙare a ce an gode.

Amma tsohuwar kura ba a tsorata ta da ƙashi. Da 'yan jarida suka ga ba a kiran Shugaba, sai suka sulale suka same shi a ƙurya, na'urar ɗaukar hoto ta juya can. Odagiri na tsaye kusa yana jiran mai magana ya gama, ya kasa kunne.

"Nan wurin," Kurata ke cewa, yana shafa katakon tagar, murya a raunane, "ni na zaɓar masa. Mai basira ba ya son hayaniya. Na ce a ɗauke masa tarho, a ɗauke masa ƙananan ayyuka, a bar shi ya yi tunani. Tun ranar da na fara jin Kajika na san zamaninta bai zo ba tukuna. Na ce mu aika da ita duniya, duniya za ta gane. Wannan ma shi ne farkon jawabina."

Odagiri ya yi wahalar haƙa rami, mutumin ya shimfiɗa tabarma a ciki ya kira baƙi. Yanzu da idon duniya a kansa, ko ba a kira shi ba in ya miƙe wa zai ce ya zauna?

Fumie ta jawo hannun rigarsa. "Ka ji shi ko? Ya fi ka. Kira shi ya karanta mu huta."

"Saura mutum ɗaya."

"Tun ɗazu kake cewa saura mutum ɗaya."

Bai da wata dabara, lokaci kawai yake saye. Ya kira Lamont, wani ƙaton makaɗi daga Detroit mai furfura a gemu, wanda ya biya wa kansa jirgi ya zo. Lamont bai yi jawabi ba. Ya ciro tasa Kajika daga jakar fata, fentinta ya goge, kunne ɗaya ma murfin kwalba ne aka liƙa. Ya jona ta, ya dubi hoton, ya ɗaga masa yatsa biyu, ya danna.

Da farko kwaɗon nan ne dai, yana kurɓa a hankali, irin kukan da ya sa aka yi wa Odagiri dariya a kantuna. Sai Lamont ya kama kunne ɗaya ya soma murɗawa kaɗan kaɗan, muryar ta buɗe baki, ta yi tsini, ta koma ƙasa ta daki ciki. Katakon ɗakin ya ɗauki rawa, furanni na karkarwa a gaban hoton. Baƙin ƙetare suka rufe ido suna kaɗa kai. Wata tsohuwar mai dalma, da hannunta ta haɗa ɗaruruwansu ba ta taɓa jin an kaɗa ɗaya haka ba, ta dafe ƙirji baki buɗe. Odagiri ya tuna ranar da ya kai wa Miyawaki faifan irin wannan kiɗa, bayan ritaya, lokacin tsufa ya riga ya kama shi. Miyawaki ya saurara har ƙarshe, ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Kai, yaran nan sun iya lalata abu."

Da kiɗan ya tsaya tafi ya ɓarke. Kurata ya ga dama ta samu. Hoton Shugaba da babban makaɗin ƙetare a bakin tagar Miyawaki, me ya fi wannan sayar da kaya? Ya ɗaga sanda.

"Odagiri-kun! Kawo mini baƙon nan. Ai ka iya Turancin mashaya, zo ka yi mana tafinta."

Nan take dabara ta faɗo wa Odagiri. Ya daɗe a duniya, ya san aikin tafinta a gaban manya. Ba maganar baƙo ake kawowa ba, wanke ta ake yi a goge a naɗe kafin a miƙa. Kurata bai taɓa jin maganar baƙo da ba a wanke ba. Odagiri ya je ya kamo hannun Lamont, kuma bai ajiye abin maganar da ke hannunsa ba.

"Tambaye shi inda ya fara haɗuwa da Kajikarmu," in ji Kurata, yana gyara zama don hoto.

Odagiri ya tambaya. Lamont ya yi dariya, ya soma, Odagiri na bi jimla jimla, muryarsa na fita ta lasifika har ƙarshen ɗakin.

"Ya ce a shagon 'yan jingina. Ya ce suna jibge a cikin kwando a ƙasa, tare da tsofaffin takalma da dutsen guga da ya mutu. Mai shagon har ɗaya ya sa yana tare ƙofa da ita."

Wani ya yi tari a baya. Kurata ya yi murmushi. "To, to. Tambaye shi me ya ja hankalinsa."

"Ya ce arha. Ya ce shi ganga yake so, amma kuɗinsa na wanke motoci bai kai ba. Mai shagon ya ce masa ɗauki wannan, kamfanin da ya yi ta ma ya tsane ta, a sikeli suka zubar da ita."

"Odagiri-kun," in ji Kurata ƙasa ƙasa, "ba sai ka faɗi komai da komai ba."

"Afuwa, Shugaba. Turancin mashaya ne, ban iya na ragewa ba."

Lamont ya dafa kafaɗar Odagiri. "Baba, wai wane ne wannan tsohon? Ɗan'uwan mamacin ne? Na ga an ba shi kujera mai kyau."

Nan ne Odagiri ya ga hanya ta rabu biyu. Yana iya ƙara gishiri, ba mai kama shi. Sai ya ga ba ya bukata. Ya faɗa da Turanci, sannan ya maimaita da harshen gida don kowa ya ji abin da ya ce: "Na gaya masa wannan ne Shugaba Kurata, wanda ya ba da umarni a ɗora Kajika a sikeli."

Yana jiran baƙon ya ɓata rai. Maimakon haka Lamont ya zaro ido, ya dafe kai da hannu biyu, ya kwala wa 'yan'uwansa kira. "Kai, ku zo! Ku zo ku ga mutumin! Ga wanda ya zubar!"

Suka taso suka kewaye kujerar. Lamont ya durƙusa ya kama hannun Kurata da nasa biyu yana girgizawa, idonsa ya kawo ruwa, magana na zuba. Da gaske yake, kowa na gani. Odagiri ya matso da abin magana bakinsa.

"Ya ce shekara da shekaru yana addu'a ya ga wannan mutumin. Ya ce da ka san abin da ke hannunka, da an sa ta a gilashi masu kuɗi sun saya sun ajiye, da shi har yau yana wanke mota. Ya ce Miyawaki ya haife ta, amma kai ka jefar da ita a bola, su kuma a bola suke zaune."

Wata mai kitso ta cusa kai ta faɗi nata.

"Ta ce a garinsu Landan ma haka. Ta ce duk shekara in sun taru sukan ɗaga kofi su sha don lafiyar wawan da ya sayar da ita a kilo. Ba su san sunansa ba sai yau."

Dariyar ta fara ne daga wajen matan dalma, a bayan tafin hannu, kamar tukunya na shirin tafasa. Ta tsallaka wajen makaɗan Osaka, su ba su iya ɓoyewa ba. Ma'aikatan kamfanin da suka rako Shugaba suka kafe ido a ƙasa, kafaɗunsu na motsi. Kurata na ƙoƙarin zare hannunsa, Lamont ya riƙe gam, ya miƙe ya ɗaga hannun tsohon sama kamar na ɗan damben da ya yi kisa, ya faɗi wata magana da ƙarfi, baƙin suka amsa da shewa.

Odagiri ya ɗan jira ɗakin ya lafa. Ya rusuna.

"Ya ce, Shugaba, Allah ya yi wa kurman kunnenka albarka."

Na'urar ɗaukar hoto ba ta ƙifta ba. Ɗan jaridar da ya rubuta maganar mai basira ba ya son hayaniya ya dubi abin da ya rubuta, ya dubi tagar, ya ja layi a kai.

Odagiri ya juya zai koma gaba ya rufe taro, sai ya ga Fumie ta miƙe. Ta karɓi abin maganar daga hannunsa. 'Yar ƙaramar mace ce, muryarta ba ta taɓa wuce shinge ba.

"Shugaba Kurata," ta ce, "mun bar ka kana jira da yawa, ka gafarce mu. Maigidana yana sauraronka."

Odagiri ya dube ta, ita ba ta dube shi ba.

Kurata ya dogara sanda ya miƙe. Tafiyar daga taga zuwa hoton ta yi masa nisa, mutane na darewa suna ba shi hanya, ba mai tari. Ya tsaya ya ba jama'a baya. Ya zaro takardar, ya warware ta ninki ninki, ta yi ƙara a cikin shirun. Miyawaki na kallonsa daga cikin furanni, da tabarau a karkace, da wannan ɗan murmushi na wanda bai saba da hoto ba.

"Miyawaki-kun," in ji Kurata.

Ya tsaya. Duk ɗakin an san jimlar da ke biye, shi da bakinsa ya faɗa wa 'yan jarida. Tun ranar da na fara jin Kajika. Odagiri na ganin ƙeyarsa ta yi ja. Can baya wata tsohuwa ta kasa riƙewa, dariya ta kuɓuce mata ta hanci, ta mayar da ita tari.

Kurata ya buɗe baki ya rufe. Daga nan ya naɗe takardar, ninkin bai koma daidai ba, ya cusa ta a aljihu. Bai ajiye ta gaban hoton ba. Ya ɗebi turare ya zuba, rabi ya zube a gefen kasko, ya rusuna, ya juya ya nufi ƙofa, mutanensa na bin sa a guje da hularsa.

Odagiri ya riga shi isa ƙofar, don mai gabatar da taro shi ke raka manyan baƙi. Ya durƙusa da ƙyar ya juya masa takalmansa su fuskanci waje. Kurata ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya, bai kalle shi ba.

"Miyawaki bai taɓa kawo mini ƙara ba. Ko sau ɗaya."

"Haka ne, Shugaba. Shi mutumin kirki ne. Ni ne ba na kirki ba. A sauka lafiya, matakalar akwai santsi."

Ya tsaya yana rusune har ƙarar sandar ta ɓace a ƙasa. Da ya ɗago, Fumie na gefensa.

"Kin kusa kashe ni," ya ce. "Da ya karanta fa?"

"Da ya karanta da kowa ya ji shi yana karantawa." Ta gyara wuyan rigarta. "Kai kujera kawai ka sani. Ni na wanke rigunan da maigidana ya zauna da su a bakin tagar, ba gumi ba maiƙo, fes kamar yadda ya fita da su. Kana tsammani kai kaɗai ke riƙe da abin a ciki?"

"Mijin 'yarki fa?"

"Ni me na yi? Girmama Shugaba na yi, kowa shaida ne."

Ta koma wajen baƙinta. Odagiri na nan tsaye sai ga Lamont, jakar fata a kafaɗa, fuska duk damuwa.

"Baba, tsohon nan ya fita bai ce komai ba. Ko na yi wani abu ne? Na san ku mutane ne masu al'ada, kada in zo daga nesa in ɓata."

"Kai? Ko kaɗan. Daɗi ne ya kama shi. Mu nan in daɗi ya yi mana yawa magana takan ƙi fita."

"Kai, har na ji sanyi. Ina ma in aika masa wani abu."

Odagiri ya dube shi daga sama har ƙasa, kamar mai duba kifi a kasuwa.

"Faifai nawa ka yi da Kajika?"

"Ni? Ai ban san iyaka ba. Ga na sauran yaran ma."

"To ka aika masa duka, amma ba a tare ba. Ɗaya bayan ɗaya, duk sabuwar shekara, da ranar haihuwarsa. Ka gaya wa na Landan da na ko'ina su ma su aiko. A rubuta godiya a jiki da manyan baƙaƙe, a zana sikeli don ya gane daga ina. Mu a nan in an yi maka kyauta dole ka amsa da hannunka, ka ga zai sami abin yi." Ya laluba aljihunsa. "Ara mini alƙalami. Na san gidan, akwai kare a ƙofa."